Leopold Ya Yi Cara Daga Bayan Shinge

Idan kuna cikin waɗanda suka bi ta titin filin baje-koli ranar Asabar da hantsi, kuka ga wani dattijo mai tumbi tsaye a bayan a-kori-kura, riƙe da gefen bargo mai furanni yana zufa yana leƙen keji, to ni ne, Delbert ɗinku. Ban haukace ba tukuna. Na ga waɗanda suka rage gudu suna nuna ni da yatsa, kuma na gane motocinku kaf, har da ta Fasto. Bargon na matata Marlys ne, kejin na Gwaggo Lavonne Kubicek ne, abin da ke ciki kuwa zakara ne mai suna Leopold. Bari in ba ku labarin yadda manyanmu, Allah ya ƙara musu girma da kujeru masu juyawa, suka kai ni ga wannan matsayi.

Mako uku kafin nan aka jefa mini wani ɗan littafi a akwatin wasiƙa, daga Kwamitin Bunƙasa Kiwo na gundumarmu. Takarda ce mai sheƙi, irin wadda ko wuta ba ta kamawa da kyau, na gwada. A bangon akwai Mai Girma Shugaban Kwamiti, sanye da sabuwar malfa, ya riƙe ɗan tsako nesa da rigarsa yana murmushi. A ciki aka yi mana albishir: kajin gundumarmu sun kai miliyan uku. An ce ba a taɓa ganin ci gaba irin wannan ba a duk wannan ɓangare na jihar Nebraska, kuma an gode wa kwamiti sau tara, na ƙirga.

Na ji daɗi ƙwarai. Na fita baranda da kofina don in ga miliyan ukun nan da idona. Na duba gabas, masara. Na duba yamma, masara. Shekarar da na auri Marlys, gida goma sha huɗu ne a kan hanyar nan tamu, kowane gida da kajinsa, da aladunsa, da saniyar tatsa mai suna. Yanzu gida uku ne ke da hayaƙi. Sauran an rushe su an jera dogayen rumfunan kwano marasa taga, fanka na gurnani a jikinsu dare da rana. Kajin suna ciki, haka aka ce. Za ka yi tafiyar mil ashirin ba ka ga kaza ɗaya tana tonon ƙasa ba, amma takarda ta ce muna iyo a cikinsu, kuma ni ban isa in ja da takarda mai sheƙi ba.

A ƙasan shafi na shida, da ƙananan haruffan da sai da na ari tabarau ɗin Marlys, an rubuta cewa duk garken da bai kai kaza dubu ba, ba a saka shi a lissafi. Mu kaji goma sha ɗaya gare mu.

"Marlys," na ce, "ashe ba mu da kaji."

"To wa ke cinye mini kabeji a lambu?"

"Babu kowa. Hukuma ta bincika."

"Madalla. Je ka share kashin babu kowa daga bakin ƙofa, kafin baƙi su taka."

Shafin ƙarshe shi ne ya tsaya mini a wuya. Saboda murar tsuntsaye, bana ba za a shigar da tsuntsu mai rai ko ɗaya cikin filin baje-koli ba. Kada a ce na raina cutar nan. Na ga abin da ta yi wa mutane a gundumar da ke kudu da mu, ban kuma yi dariya ba. Abin da ya biyo baya ne ya sa na zauna. Wai don kada rumfar kaji ta zama fayau, kwamiti ya yi odar kajin roba guda tamanin daga wani gari mai nisa, za a jera su a keji kowacce da kwanon ruwanta. Gasar carar zakara kuwa, wadda ake yi tun kakana yana da haƙori, ba a soke ta ba. Mutane ne za su yi carar.

Kun san yadda gasar take a da. Kowa ya kawo zakaransa tun da sassafe a lulluɓe da bargo, yana cikin duhu yana zaton dare bai ƙare ba. Da an kaɗa ƙararrawa sai a fizge barguna gaba ɗaya, zakaru su ga haske kwatsam, su ɗauka gari ya waye sun makara, sai su ɓarke. Alƙali na tsaye da fensir yana jan layi, rabin awa cif. Wanda ya fi yawan cara shi ke tafiya da shuɗin ƙyalle, na biyu ya samu ja. Ina yaro zakara arba'in ake jerawa. Bara biyar aka kawo.

Gwaggo Lavonne tana da jan ƙyalle goma sha bakwai a jikin bangon kicin ɗinta, ba shuɗi ko ɗaya. Duk sha bakwai ɗin Orval Tietjen ne ya sha gabanta, shi ne kuma ke riƙe da kambun da ba a taɓa karyawa ba, cara sittin da uku. Shekara ashirin ba ta gaishe shi a coci sai da gefen baki. To bara Orval ya sa hannu da kamfanin kaji, suka gina masa rumfa huɗu, kuma a yarjejeniyar an rubuta cewa ba zai ajiye wani tsuntsu nasa na kansa ba, ko da aku ne. Mutumin da ke da kaji dubu ɗari da sittin a bayan gida, ba shi da ikon mallakar zakara ɗaya. Zakarunsa tukunya suka shiga, kuma matarsa ta gaya wa Marlys ko romon bai iya sha ba.

Saboda haka bana shekarar Gwaggo ce, kowa ya sani. Kuma ita ce ta ƙarshe. Shekarunta saba'in da tara, ta sayar da gonar, a watan Oktoba za ta koma wurin 'yarta a birni, unguwar da doka ta hana ajiye zakara. Ba gwaggona ba ce ta jini, ƙawar ƙanwar babana ce, amma ta sha ja mini kunne ina ƙarami, don haka in ta kira, zuwa nake yi.

Na same ta ranar Juma'a tana yi wa Leopold wanka a wurin wanke-wanke. Ruwa uku ta canza masa. Ta busar da shi da na'urar busar da gashinta, ta shafa masa basilin a zanko har yana ƙyalli, ta goge masa ƙafafu da tsohon burushin haƙori. Shi kuwa ya lumshe ido, da gani ya saba da sarauta.

"Gwaggo," na ce, "ba ki ga takardar ba? An hana."

"Na gani. Karanta mini abin da aka hana, ɗan boko."

"Shigar da tsuntsu mai rai cikin filin baje-koli."

"Cikin fili. Titin da ke bayan rumfar kaji, cikin fili yake?"

"A'a, amma shinge ne kawai tsakani."

"To gobe ka zo da motarka da bargo mai kauri. Nawa duk na ɗaure su a kwali."

"Gwaggo, kama mu za a yi, da furfurarmu da komai."

"Su kama wa? Kai da bakinka ka tsaya a gidan mai kana gaya wa duniya a takardarsu babu kajinmu. Ta yaya za su kama abin da babu? Kai tun kana yaro matsoraci ne, Delbert. Uwarka ma ta sha faɗa."

Na buɗe baki in kare mutuncina, ta cusa mini yankin kek ɗin tuffa a hannu. Na cinye. Gaskiya tausayinta ne ya kama ni. Kicin ɗin duk kwalaye ne, labule ma an cire, abin da ya rage a bango ƙyallayen nan ne kawai.

Ga mu nan ranar Asabar a gefen titi. Ta cikin wayar shinge muna hango rumfar, kajin roba tamanin sun yi sahu, kowacce da lambarta, kowacce da ruwan shanta. An ɗora wa Harlan Wiebe gadinsu. Harlan shi ne alƙalin gasar tsawon shekara talatin da ɗaya, bana aka ba shi aikin hana mutane taɓa roba. Da ya hango mu sai ya taso a hankali, ya jingina da shinge, ya zaro agogo da fensir daga aljihun gaba kamar dama jiranmu yake.

"Ni dai iska na zo sha," in ji shi. "In wani abu ya yi ƙara a kusa, hannuna kan ja layi da kansa. Tsufa ne."

Ƙarfe goma daidai ya ɗaga fensir. Na fizge bargo da duk ƙarfina, har na kusa faɗowa daga motar.

Leopold ya buɗe ido. Ya dube ni, ya dubi rana, ya girgiza jiki. Shiru.

A daidai lokacin tirelar kamfani ta wuce, maƙil da kaji a akwatuna hawa-hawa, sun nufi mayanka. Iskarta ta tashi hulata, fararen gashin kaji suka yi ta zubo mana, wasu suka haye shinge suka sauka a kan kajin roba. Ku lura, jama'a, don a nan hikimar manyanmu take. Zakara ɗaya da aka yi wa wanka sau uku haɗari ne ga al'umma. Kaji dubu biyar a buɗaɗɗiyar mota, taku goma daga shinge, duk minti goma sha biyar, wannan tattalin arziki ne. Cutar ma tana da ladabi, ta san motar da ba a shiga.

Minti uku, shiru. Minti biyar, shiru. Gwaggo ta tafa, ta kira sunansa, ta yi masa alkawarin masara, ta zage shi da yaren kakanninta. Ko gezau. Sai a lokacin muka gane kuskurenmu, mu da muka tsufa a cikin abin nan. Mun tuna da bargo, mun manta da abokin gaba. Zakara ba don rana kaɗai yake cara ba, yana yi ne don wani zakaran ya ji ya san da mai gida. Shekara da shekaru a cikin hayaniyar 'yan'uwansa ake gasar, ba mu taɓa tunanin abin da zai faru in ya waiwaya bai ga kowa ba. Leopold ya leƙa rumfar, ya ga roba tamanin sun zuba masa ido, ya kau da kai ya fara gyaran fiffike.

Na dubi Gwaggo. Ta ƙanƙame jakarta da hannu biyu. Ban taɓa ganin matar nan a irin wannan hali ba, abin ya sosa mini rai.

Ceto ya zo daga inda ba mu zata ba. A cikin fili, Mai Girma ya hau dandamali. Ya yi mana bayanin miliyan uku, ya yi alkawarin miliyan biyar kafin zaɓe, ya gode wa kansa a madadinmu. Sannan ya ce zai buɗe gasar carar mutane da bakinsa, don a san shi ma ɗan ƙauye ne. Ya matso da lasifika, ya cika ƙirji, ya saki wani abu. Ina da ƙyauren rumbu da ke irin wannan kukan in an daɗe ba a sa masa mai ba.

Leopold ya daskare. Gashin wuyansa ya miƙe. A rayuwarsa ba a taɓa zaginsa haka ba. Ya buga fiffike, ya miƙa wuya, ya kwarara cara ɗaya da ta ratsa filin har rumfar shanu.

"Ɗaya," in ji Harlan.

Jama'a suka kwashe da dariya. Mai Girma ya ɗauka shi ake yi wa tafi, sai ya ƙara. Leopold ya mayar masa da biyu. Ya sake, Leopold ya ba shi uku. Wallahi a shekara goma sha biyu da ya yi a kujerar nan, ban ga ranar da ya amfani kiwon kaji kamar wannan minti huɗun ba, kuma ina so a rubuta a ɗan littafin baɗi.

Sai wani ɗan gulma ya raɗa masa cewa amsar daga waje take zuwa. Ya ajiye lasifika ya taho shinge, malfa a karkace.

"Na wane ne wannan tsuntsu?"

"Ranka ya daɗe," in ji Gwaggo, da muryar da take karanta addu'a a coci, "wane tsuntsu?"

"Wannan! Ga shi ina gani!"

Ta zaro ɗan littafin daga jaka, ta buɗe shafi na shida, ta manna a jikin waya. "Ranka ya daɗe, ni tsohuwa ce, idona ba kyau. Amma ka duba nan, ku kuka ce in bai kai dubu ba, babu shi. Ni guda ɗaya ne da ni. Ko dai takardar ce ta yi kuskure?"

Ya dubi takardar, ya dubi hotonsa a bangon littafin. Ya buɗe baki, sai ga wata tirelar ta wuce, gashin kaza ɗaya ya sauka a kan gashin bakinsa ya zauna daram. Ya ce za a kafa ƙaramin kwamiti a duba lamarin, ya juya ya tafi cin masara gasasshiya.

Mun yi nasara a kan hukuma, amma mun rasa abokin gaba. Da lasifika ta yi shiru, Leopold ma ya yi shiru. Ashirin da biyu, saura minti goma sha huɗu. Can cikin rumfa wasu maza uku suna ta ƙoƙarin cara, amma carar mutanen da suka sha giya ce, Leopold bai ga ta isa ya amsa ba.

Ban ga tahowar Orval ba, sai ganinsa na yi a jikin shinge, da lambar 'yan gasa manne a ƙirji. Shi ma ya shiga gasar mutanen. Ya daɗe yana kallon Leopold, irin kallon da mai ciwon sukari ke yi wa teburin kek.

"Lavonne," ya ce, "zakaran nan naki malalaci ne."

"Ya fi naka, tunda nawa yana numfashi."

Na ce shi ke nan, yau za a yi ta. Orval ya haɗiye maganar. Ya cire hula ya miƙa wa Harlan, ya durƙusa da gwiwa ɗaya har fuskarsa ta yi daidai da kejin, ya karkata kai gefe yadda suke yi. Sannan ya yi cara. Jama'a, shekara sittin mutumin nan yana tashi da zakaru. Cara ce ta gaske, mai hawa da sauka, da 'yar shaƙewar nan ta ƙarshe, cike da raini. Leopold ya zabura ya daki wayar keji da ƙirji.

Daga nan ba wanda ya zauna. Orval ya yi, Leopold ya mayar. Talatin. Arba'in. Mutane suka bar rumfar shanu da ta aladu suka taru a shinge, masu sayar da lemo suka bar tebur. Fasto yana ƙirgawa da ƙarfi. Hamsin da biyar, fuskar Orval ta yi ja, jijiyar wuyansa ta fito. Sittin. Muryarsa ta fara tsagewa, matarsa tana ja masa riga tana cewa, "Orval, hawan jininka!" Sittin da biyu. Sittin da uku, daidai da kambunsa, saura daƙiƙa ashirin.

A nan ya tsaya. Kowa ya san abin da ke gabansa: in ya sake yi Leopold ya amsa, kambunsa ya tafi. Na ga ya dubi Gwaggo, ita kuma ta ɗaga haɓa, ba ta roƙe shi ba ko da ido. Ya ja numfashi ya sake yunƙurawa. Abin da ya fito ba cara ba ce, iska ce kawai da 'yar ƙara, muryar ta ƙare. Amma Leopold ya ga wuyan ya miƙe, kuma bai yarda a bar masa ta ƙarshe ba.

"Sittin da huɗu," in ji Harlan, ya danna agogo. Ya cire tabarau yana gogewa, wai ƙura ce ta shiga masa ido.

A hukumance, Orval Tietjen ne ya ci gasar carar mutane, ba ma wanda ya yi gardama. Mai Girma da kansa ya miƙa masa shuɗin ƙyalle, aka ɗauki hoto a gaban kajin roba. Orval ya sauko, ya zo shinge, ya naɗe ƙyallen ya zura ta ramin waya. Ba shi da muryar cewa komai. Gwaggo ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Ka sha zuma da lemun tsami, wawan tsoho." Sannan ta shiga motata ta rufe ƙofa, muka yi kamar ba mu ji kukanta ba.

Rahoton kwamiti ya fito jiya. An ce baje-kolin bana ya yi armashi, ba tsuntsu mai rai ko ɗaya da ya halarta, an kuma gode wa jama'a da bin doka. An ce kajin roban za a adana su a ɗaki mai sanyi saboda baɗi.

Gwaggo ta riga ta sanar da ni cewa daga Oktoba Leopold gidana zai dawo, ba ta kuma tambayi ra'ayina ba. Na so in yi ƙorafi, sai na tuna abin da Orval ya rubuta mini a bayan takardar gidan mai ranar Litinin, tunda har yanzu ba ya magana. Na tambaye shi yadda yake barci da kaji dubu ɗari da sittin a bayan taga. Ya rubuta: "Lafiya lau. Sati shida ake kwashe su. Ba wanda ke kaiwa ga koyon cara."

Saboda haka, Ranka ya daɗe, in ka tashi buga littafin baɗi, ka bar miliyan ukunka yadda suke, ban taɓa maka ko ɗaya ba. Ina dai roƙon layi ɗaya a ƙasan shafi na shida, da ƙananan haruffan nan: masu cara, guda. In kana son tabbatarwa ka zo gidana da asuba. Ba sai na ba ka kwatance ba, ka kashe mota ka saurara, duk hanyar babu wani.